Tsummokin da Inna Mai Guga Ta Wanke

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Guga ta yi tana aiki a ɗakin wanki na wani babban masauki da ke bayan tasha. Ɗakin a ƙasan bene yake, tagarsa ɗaya, kullum cike da tururi da ƙamshin sabulu. Zannuwan gado da tawul-tawul suna sauko mata kwando-kwando, su koma sama farare ƙal, a ninke kamar ba a taɓa kwana a kansu ba. Babu tabon da ya taɓa gagararta, shayi ne ko jan-baki ko tawada. Ta san jini da ruwan sanyi ake fara masa tun yana ɗanye, in ya sha ruwan zafi ya zauna ke nan. Abokan aikinta suna tsokanarta, wai ko inuwar mutum ce ta faɗa kan zane sai Inna ta jiƙa shi.

Mijinta ya rasu da wuri ya bar mata maza biyu da mace ɗaya. Mazan neman abinci ya kai su nesa. Macen, wadda kowa ke kira Auta, ta auri wani makaniki mai ƙarancin magana, suka kama ɗaki biyu a layin da ke bayan na Inna.

Da Auta ta sami ciki, ta je awo yadda aka ce, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma kullum ana ce mata komai lafiya. Amma ta ce ita a gida za ta haihu. Asibitin da nisa, sai an ƙetare gada, ga cunkoso, ga layi. Akwai kuma wata ungozoma mai horo a unguwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin. Inna ba ta ja da ita ba, ta dai tsaya ta haɗa kaya irin haɗin da ba a taɓa gani ba a gidan: ledar shimfiɗa mai kauri, sabuwar reza a takardarta, zaren ɗaure cibiya, safar hannu, sabulu, auduga, tawul uku, hular jariri, fulas na ruwan zafi. Sai tsummokin ƙunzugu, waɗanda ta yanka da hannunta daga farin yadi, ta dafa su, ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Da ungozoma ta buɗe jakar sai da ta riƙe baki.

"Inna, wannan ai ko a asibiti sai an yi miki tafi."

Haihuwar ta zo da sauƙi, da hantsi, ranar wata Laraba. Mace aka samu, mai gashi da ƙarfin murya. Ungozoma ta gyara uwa da 'ya, ta zauna kamar awa biyu, sai aka aiko mata wata na naƙuda a can ƙarshen unguwa. Tana sa takalmi ta ce, "In kin ga jini ya yi yawa, ki aiko a kira ni."

Inna ta ce to.

Ba ta tambaya ba yawa nawa ne yawa. Ita da ta haifi uku, me za a faɗa mata? Auta ta sauya tsumma, Inna ta karɓa ta fita da shi tsakar gida, ta tsoma a ruwan sanyi, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta shanya. Kafin ta dawo an sake jiƙa wani. Ta karɓa ta fita. Ba ta son 'yan barka su shigo su tarar da ɗakin 'yarta yana ƙarni. Ta sauya zanen gado sau biyu, ta goge ledar, ta kunna fanka.

"Inna, ki zauna mana," in ji Auta tana murmushi. "Kin mai da mini ɗaki masauki."

"Bari in shanya wannan."

Da azahar Auta ta ce ƙishirwa take ji, Inna ta haɗa mata shayi. Ta ce sanyi, Inna ta kashe fanka ta lulluɓe ta da bargo. Ta ce barci, Inna ta ce ai dole, gajiyar haihuwa ce, ta ja labule. Makaniki ya leƙo daga gareji da baƙin mai a hannunsa, ya daɗe kaɗan a ɗakin, ya koma. Sai wajen la'asar, da jaririyar ta yi ta tsala kuka uwar ba ta motsa ba, Inna ta taɓa goshinta ta ji shi sanyi da danshi kamar bangon randa.

A asibiti wata nas ta tare su da gudu, tana tura gadon tana jefo tambaya. "Ƙarfe nawa ta haihu? Tsumma nawa ta jiƙa? Cikin awa nawa?"

"Na wanke," in ji Inna.

"Duka?"

"Duka."

Rana ba ta faɗi ba Auta ta cika. Likita ya ce guntun mabiyiya ne ya maƙale a ciki, shi ya hana jinin tsayawa. Da Inna ta koma gidan ɗauko kayan jaririya, ta tarar da tsummokin a igiya, sun bushe, farare tas, iska tana kaɗa su. Ta tsaya ta ƙirga. Goma sha huɗu. Da a wuri ɗaya ta tara su, ko makaho ya san akwai matsala tun kan na biyar.

Babu wanda ya ga laifinta. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, ita ma tana amsawa da haka, kuma ta yarda. Amma yardar ba ta hana ta ji ba. Ta koma aiki bayan wata guda, da jaririyar a goye, ana ba ta madarar gwangwani a kan teburin ninki. Duk lokacin da ta ɗora dutsen guga a kan zane mai danshi, tururin ya tashi da shuuu, sai ta ji muryar a ciki, ƙasa-ƙasa, da 'yar dariyar nan: Inna, ki zauna mana. Da rana tsaka, mutane na hira, rediyo na yi. Wani lokaci sai abokiyar aikinta ta taɓa ta, ta ga ashe ta daɗe tsaye gaban baho, hannuwanta cikin ruwa har sun yi yaushi, ba abin da take wankewa.

Ranar wani hutu ta shirya ta koma asibitin, ta nemi nas ɗin har ta same ta tana cin abinci a bayan ofis.

"'Yar nan, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. Yawa nawa ne yawa?"

Nas ɗin ta gane ta. Ta ajiye cokali ta matsa mata kujera. Ta ce in mai jego ta jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, ko gudaji manya suna fita, ko jiri da sanyin jiki da ƙishirwa sun kama ta, ko leɓenta ya yi fari, to kada a jira kowa, a nemo mota. Inna ba ta iya rubutu ba, don haka ta sa aka maimaita mata sau uku har ya zauna.

Masaukin yana zubar da zannuwan da suka tsufa. Inna ta roƙi manaja ya bar mata, ya ce ta kwashe. Daga nan ta fara haɗa jaka ga duk mai cikin da ta sani a unguwa. Kayan dai su ne na da, sai ƙari uku: farin bokiti mai murfi, ƙaramin agogon tebur da take ba da aro, da takarda mai lambar wayar direba. Lambar ta makaniki ce, mijin Auta. Da kansa ya zo ya ce a rubuta, ya tada wata tsohuwar mota da ta shekara a garejinsu, kuma bai taɓa barin tankinta babu mai ba.

Kowace mace sai Inna ta fara ce mata, "In kina da hali ki tafi asibiti. In kuwa a gida ya kama ki, duk tsumman da aka cire a jefa a bokitin nan, a dubi agogo. Kada a wanke ko ɗaya sai mai sani ta gani."

Matan suna dariya. "Ikon Allah! Yau Inna ce ke cewa a ajiye ƙazanta?"

"Ni ce," take cewa, ba ta dariyar.

Shekara shida tana wannan, jaka ta fita ta dawo, ba abin da ya faru, har wasu suka fara mai da bokitin na zuba wake. Sai ranar da matar wani kafinta a unguwar ta haihu, ita ma da safe. Inna ta tashi daga aiki da rana ta biya barka, tun daga ƙofa ta ji ƙarar ruwa a baho. Uwar kafinta ce tsugune, ta zazzage bokitin tana shirin zuba sabulu.

"Yaya, dakata!"

"In dakata da me? Baƙi na hanya, gida na wari."

Inna ta durƙusa ta janye bahon. Ta ɗaga tsummokin ɗaya-ɗaya da hannunta, masu nauyi, suna ɗiga. Biyar. Ta tambaya ƙarfe nawa ungozoma ta tafi, aka ce bai fi awa uku ba. Ta shiga ɗakin. Yarinyar tana kwance lulluɓe da bargo, ta ɗago ido da kyar ta ce, "Inna, sannu da zuwa. Barci nake ji wallahi." Inna ta juya ta fito.

"A kira lambar nan. Yanzu."

Uwar kafinta ta biyo ta tana faɗa. "Ke wai me ke damunki? Tara na haifa, kowanne na zubar da jini. Don taki ta mutu sai ki riƙa yi wa 'ya'yan mutane fata?"

Inna ta juyo ta dube ta, murya ba ta ko rawa. "E, tawa ta mutu. Ni na wanke nata. Ki zage ni gobe, Yaya, zan zo har gida ki zage ni. Yau dai ki kama mini ƙafafunta."

Matar ta kama. Makaniki ya iso, suka sa yarinyar a mota, Inna ta rungumo bahon da tsummokin a cinyarta, ruwan yana fantsalar mata a zane duk ramin da suka faɗa. Da nas ta yi tambayar, Inna ta miƙa mata bahon ta ce, "Biyar, cikin awa uku." Aka ruga da ita ciki.

Inna da makaniki suka zauna a kan benci a inuwar wata bishiya a harabar asibitin. Can ya sunkuyar da kai yana murza mabuɗin mota.

"Inna, ranar nan da na leƙo, na ga leɓenta ya yi fari. Ta riƙe mini riga ta ce in zauna. Na ce mai mota na jirana. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Inna ta dube shi. Shekara shida tana ganinsa kusan kullum, ba ta taɓa lura furfura ta cinye masa gemu ba, shi da bai kai arba'in ba. Ta so ta ce masa ba laifinsa ba ne, amma ta san yadda maganar ke wucewa ta saman kai. Sai ta ce kawai, "Ashe mu biyu ne."

Matar kafinta ta rayu. Leda biyu ta jini aka ƙara mata, ta kwana huɗu aka sallame ta. Uwar kafinta ba ta ba da haƙuri da baki ba, amma bayan sati biyu ta aiko wa Inna sabbin bokitai guda shida, farare, masu murfi. Daga ranar babu wadda ta ƙara zuba wake a nata.

Inna ta zaci abin zai sake ta bayan wannan. Bai sake ta ba, ya dai rage nauyi kaɗan, kamar kayan da aka gyara wa gammo. Ta bar aikin masauki da gwiwoyinta suka gaza, ta ci gaba da yankan tsummoki a ƙofar ɗakinta. Wata rana da yamma tana wannan aikin, makaniki yana gefe yana shan shayi, jikarta ta dawo daga makaranta ta zauna tana taya ta ninki. Shekararta tara a lokacin.

"Kaka, da aka haife ni Mamata ta yi murna?"

"Ta yi mana, ƙawata."

"Me ta ce da ta gan ni?"

Almakashin ya tsaya a hannun Inna. Ta lalubi ranar daga farko har ƙarshe. Ta ga bahon, ta ga kumfa, ta ga igiya, har sanyin ruwan ta ji a yatsunta. Amma fuskar Auta tana kallon 'yarta, ko sau ɗaya ba ta samu ba. Ba mantuwa ba ce. Ba ta ɗakin.

Makaniki ya ajiye kofinsa. "Ni na sani," ya ce. "Ƙirga miki yatsu ta yi, hannu da ƙafa, har sau biyu. Ta ce kin kwaso kunnuwana, Allah ya ba ki haƙuri."

Yarinyar ta kama kunnuwanta biyu ta ƙyalƙyale da dariya, ta ruga ɗaki neman madubi. Inna ta bi ta da kallo, sannan ta juyo ga surukinta.

"Sai me kuma ta ce? Faɗa mini duka, kada ka rage komai."