Hoton Hamman da Na Wanke

Har gobe ba na mance Asabar ɗin da Darakta ya aike ni ɗaukar hoton wasan ragbi. Lokacin na haura shekara ashirin ina riƙe da kyamarar sashen yaɗa labarai a ofishinmu na Jalingo, ina mataki na takwas, kuma a ganina babu abin da ya rage mini in koya.

Ku da kuka zo aiki kwanan nan, ga yadda aka horar da mu. Oga a tsakiya, fuskarsa a fili. Ba a ɗaukar babba yana tauna, ko yana hamma, ko yana gyangyaɗi a taro, duk da cewa a nan aka fi samunsa. In an koma ofis sai a wanke hoton a kwamfuta: a goge gumi, a rage tumbi, a haska fuska, a cire duk wani talakan da ya leƙo ta bayan kafaɗa. A wannan fanni, ba yabon kai ba, har daga wasu ma'aikatu ake nemana.

Darakta ne babban baƙo a wasan, a filin wata makaranta a Barade. Damina ce, filin ya zama kamar fadamar shinkafa. Kafin a fara, mai horar da 'yan wasan, wani malamin firamare da ake kira Koci Bitrus, ya ja ni gefe. Ya nuna mini wani ƙato cikin 'yan wasansa, Hamman, mai lodin doya a kasuwar Iware.

"Baba, abeg ka taimaka," in ji shi. "Masu zaɓen 'yan wasa na ƙasa ya ce a tura hoto na shi yana wasa kafin Talata. In sun gani za su kira shi kam, wurin horo. Wannan shekara ne na ƙarshe, shekaru na shi ya tafi."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya zo wurin gwani.

Aka busa usur. Ƙwallon kamar gwanda, kuma wai baya ake jefa ta alhali gaba ake son zuwa. Na ce a raina, wannan ai tsarin ofishinmu ne. Can sai na ga ƙarti sun sunkuya sun haɗa kawuna suna ture juna. Na ɗaga kyamara, ban ga fuska ko ɗaya ba sai ɗuwawu. Na sauke, don ni mai iyali ne. Na tsaya jiran su miƙe su kintsa, su kuwa ba su da niyya. Sau biyu ina ɗaga hannu ina cewa a ɗan tsaya a kallo nan, har alƙalin wasa ya kore ni bayan layi.

Lokacin da Hamman ya ci wasan ma ban gani ba, domin daidai nan Darakta ya miƙe yana gyara babbar riga, ni kuwa hannuna ya saba, sai kyamara ta juya kansa. Hoto ɗaya tak na samu na Hamman: ƙwallo a hammata, taɓo har gira, leɓe a fashe, baki a wangame, ga mutum biyu sun rataye a ƙafafunsa yana jan su.

Da na buɗe shi ranar Litinin, wallahi tausayi ya kama ni. Na ce bawan Allah zai je gaban manya a haka? Na zauna na yi masa aikin da ko Darakta ban taɓa yi wa ba. Na goge taɓon, na ɗinke leɓen, na rufe bakin, na fito da farin rigar. Mutum biyun nan na kwashe su, na shuka ciyawa a gurbinsu. Sannan, bisa ƙa'ida, na share katin kyamara, har da asalin hoton, saboda taron rantsarwa da ke tafe.

Koci Bitrus ya zo da yamma. Ya daɗe yana kallon allon kwamfuta.

"Baba, ina mutane da yana ja?"

"Na cire su. Sun ɓata hoton."

"To wanda ba ka taɓa ba fa?"

Na yi masa bayanin ƙa'ida. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya karɓi abin da ke akwai ya tura, tunda babu wani. Bayan mako guda amsa ta zo a taƙaice: ɗan wasa suke nema, wannan kuwa ango ne ya riƙe ƙwallo. Ba a kira Hamman ba.

Kunya ta hana ni sakat. Na koma filin Asabar ta gaba ba wanda ya aike ni, na ci gaba da komawa har damina ta wuce. Koci ya koya mini in durƙusa a ƙarshen fili inda ake kawo ƙwallo, in bar bin ƙwallon in bi fuskar mai jiranta, in danna tun kafin a yi karo. Wanduna biyu suka mutu a gwiwa. Yau hotunana na ragbi ba na jin kunyar nuna su ga kowa, sai dai sun zo bayan an rufe ƙofa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na nemi gafarar Hamman. Ya yi dariya, ya ce, "Baaba, ba komai, haka Allah ya rubuta. Hoton ma yana ɗakin Inna, ta sa shi a gilashi. Ta ce tun da ta haife ni, a nan ne kawai ta gan ni ba na ɗauke da kaya."

Na juya na yi kamar ina goge gilashin kyamara, don idona ya cika.

Saboda haka, ku masu saurin hannu a kwamfuta, ku goge wa manya duk abin da suka ce, su dama don a ɓoye musu aibi suke tsayawa gabanmu. Amma in mai aikin ƙarfi ya tsaya, ku tambaye shi kafin ku taɓa ko ɗigon gumi. Ni na cire wa Hamman mutum biyu daga ƙafa, shi kuwa har yau yana Iware yana lodin doya.