Saraka a Tsibirin Jojiya

Ko na tsufa tukuf, ba zan manta da ranar da wani Ba'amurke ya ɗanɗani gumbata ba.

Lokacin ina gadi a wani dogon bene a unguwar Mushairib, cikin birnin Doha na ƙasar Ƙatar. Mahaifina ya cika shekara da rasuwa, Inna ta matsa mini a waya sai na yi masa sadakar gumba. Ni kuwa kunya nake ji. Doha guda, inda ake rabon dabino a kwali mai ƙyalli, in fito da gumba? Na dai jiƙa shinkafa, na niƙa, na zuba zuma, na ce a raina daga wannan khalas, ba ƙari.

Cikin injiniyoyin benen akwai wani dattijo baƙar fata, ɗan jihar Jojiya, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da la'asar ya ga farantin gumbar a teburina, ya ɗauki ɗaya ya gutsura, sai ya tsaya cak har na zaci shaƙewa ya yi.

"Me kuke kiran wannan?"

"Gumba, yallaɓai. Sadaka ce."

"Saraka," in ji shi a hankali.

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce kakarsa 'yar wani tsibiri ce a gaɓar tekun jiharsu, inda aka kai bayi daga ƙasashenmu. Duk shekara takan jiƙa shinkafa ta kwana, ta daka da zuma, ta raba tana cewa amin, amin. Su 'yan coci ne, sun ɗauka saraka sunan abincin ne. Mahaifiyarsa, wadda ta tsufa ƙwarai, ta daɗe tana neman wanda zai gaya mata dalilin wannan amin ɗin.

Na rufe shi da tambayoyi kamar ɗan jarida. Turminsu irin namu ne? Wa ake ba wa? Sannan na ce masa a wurinmu kyauta ce don Allah, ladan ya isa ga mamata. Nan take ya kira tsohuwar a waya ya gaya mata. Na ji tana cewa: "Ashe tun da can addu'a muke yi musu."

Wallahi, mutanen da aka raba da harshensu da sunayensu sun riƙe wannan abu ɗaruruwan shekaru, ni kuwa 'yar tafiyar jirgi ta kusa sa in yar da shi. Ranar na koyi daina jin kunyar abin gidanmu. Har yau duk shekara sai na yi gumba, kuma idan zan yi addu'a nakan haɗa da mutanen tsibirin nan.