Tsatsar Keken Tsoho

Duk ranar da aka jiƙa tsamiya a gidana, ƙamshinta ya bugi hancina, sai in ji kafaɗuna sun ɗauki ciwo tun ban ɗaga ko tsinke ba. Kowa ya ji tsamiya kunu yake tunawa. Ni keke nake tunawa. Kuma kada ka ɗauka keke ne mai ƙararrawa da madubi, gangar jiki ce tsirara, babu taya, babu sirdi, wadda ta sha ƙarfina fiye da gonar gyaɗa uku.

A wani ɗan ƙauye muke kusa da Balan. Shekarar da na gama ƙaramar firamare, malaminmu ya tako har zaurenmu ya ce da Baba kan yaron nan yana ja, a bar shi ya wuce siniya firamare a Gaya. Baba ya yi godiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo maka aiki. Ba mu da kowa a Gaya da zan zauna wurinsa, tafiyar kuwa idan ƙafa ta yi ta safe da yamma, kafin wata ya ƙare sai dai a tattara ƙasusuwana a kwando. Baba ya ce babu keke, babu makaranta, ga fartanya nan ba ta neman komai sai hannu.

Kakana, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho, yana kishingiɗe yana jinmu. Ya ce, «Wa ya ce babu keke a gidan nan?»

Gaskiyarsa, akwai. Shi ya fara shigo da keke unguwarmu, lokacin da gyaɗa take gyaɗa. Da gwiwa ta hana shi hawa, sai ya kwance wili da sarƙa da sirdi ya rataye a ɗakinsa, gangar jikin kuwa aka jingine ta a garken awaki. Wata rana turke ya karye, aka ɗaure akuya a jikinta kafin a samo wani. Ba a samo wanin ba har shekara takwas. Ka san fitsarin akuya. Ƙarfen da ya sha shi damina takwas, ko a hannun maƙeri ka sa shi sai ya tambaye ka wace bishiya ce wannan. Da muka jawo shi tsakar gida, ja wur yake kamar an tsoma shi a miyar manja, ɓawo-ɓawo yana zuba, kaji suna bi suna tsattsaga.

Tsoho ya ce idan na fitar da tsatsar nan kafin a buɗe makaranta, shi da kansa zai kai ni kasuwar Ajingi wurin mai gyaran keke a ɗaura masa ƙafafu, a yanki lasin.  Baba ya dubi ƙarfen, ya dube ni, ya tafi gona hankalinsa kwance.

An gama cirar gyaɗa ke nan, tsakar gida cike da harawa. Da safe ina sussuka tare da kowa, bayan azahar in koma kan ƙarfe. Babu tukunyar da za ta ɗauki keke, don haka sai mu jiƙa tsamiya ta yi kauri, in tsoma tsummoki in naɗe bututun kamar mai ɗaurin karaya. Ya kwana, in kwance, in bi shi da toka da yashin rafi da soso. Ranar farko na ga wani wuri kamar faɗin ƙumba ya yi fari, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko kunama ce. Na wanke shi tas da ruwa na jingine. Washegari na tarar tsatsar ta dawo, sabuwa, mai haske, ta fi ta jiya kyau. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Tsoho ya bar ni na gama, sannan ya ce ƙarfe ba ya kwana da jiƙa. In na wanke, in shanya a rana, in shafe shi da mai kafin raɓa ta sauka. Me ya hana shi gaya mini tun jiya? Ya ce ban tambaya ba. Man da muke da shi kuwa na gyaɗa ne. Na shafe shi, da gari ya waye duk tururuwar ƙasar Gaya ta hallara a kansa, har da baƙi daga Ajingi. Akuyar da ta saba da shi ta tsinke igiya ta zo tana lasa. Daga ranar aka koma kananzir, ana tsiyaya mini daga fitila kamar ana ba ni turare.

Haka kwanaki suka yi ta jan jiki. Tsami ya cinye mini fatar yatsu, yashi ya ƙarasa abin da ya rage. Tuwo da zafi ba na iya gutsura, alwala kuwa sai na rintse ido. Har yau in na ce wa yara a lokacin hannuna ya ragu da rabi, dariya suke yi, amma ni na san zoben da ya shiga kafin nan da wanda ya shiga bayan nan.

Mai tausayina ɗaya ce a gidan, kakata, Iya. Ita ce mai jiƙa mini tsamiya, ita ce mai shafa mini man kaɗe da yamma tana tsokanata.

«Maigidana, da wannan hannun za ka riƙe ni? Gara in koma wa tsohon nan.»

«Ki koma, Iya. Ranar da na hau keke kada ki ce in goya ki.»

Iya mace ce da ba ta yarda da tabo a jikin abu. Ƙwaryarta kana ganin fuskarka, gindin tukunyarta ya fi goshin wasu tsabta. A wurinta duk inda farce zai iya maƙalewa, to datti ya samu ɗaki.

Saura kwana uku kasuwa, ƙarfe ya yi fari sai wuri ɗaya: can ƙarƙashin inda sirdi yake zama. Tsatsar wurin ta yi tauri, ga wasu 'yan ramuka a jere da suka riƙe ta, na goga har na gaji ba ta fita ba. Ranar Baba ya tura ni kwasar harawa a gona mai nisa. Da na dawo la'asar sakaliya, na tarar da Iya zaune a tabarma, keke a cinyarta, ɗan dutsen niƙanta a gefe ya yi ja. Yini guda ta yi tana gurza. Yatsunta biyu naɗe da tsumma.

«Zo ka shafa,» in ji ta. «Zanen nan da ya hana ka barci, na shafe shi. Ku maza ba ku iya wanki ba.»

Na shafa. Sumul, kamar bayan cokali. Na yi tsalle, na yi mata kirari, na ce har Makka zan goya ta.

Ranar kasuwa muka tafi Ajingi, Tsoho a kan jakin maƙwabci da wili biyu a rataye, ni a ƙasa da ƙarfe a kafaɗa, rana tana dukansa yana walƙiya. Duk wanda muka wuce sai Tsoho ya tsaya ya ba shi tarihin keken tun daga ranar da aka saye shi. Mai gyaran keke yana ƙarƙashin wata bishiya, mutane zagaye da shi. Ya karɓa, ya juya shi, ya yaba aikin. Sai ya kai babban yatsa wurin nan mai sumul, ya tsaya.

Ya dubi Tsoho ya ce, «Baba, ina lambar?»

«Wace lamba?» in ji Tsoho.

«Lambar da aka buga masa tun daga inda aka ƙera shi. Da ita ake yankar lasin. A nan take, an goge ta.» Ya rage murya, amma ba yadda mutane ba za su ji ba. «Ni dai ba na taɓa keken da aka goge wa lamba. Ka san su wa ke yin haka. Ɗan doka ya gan shi a rumfata, da ni da kai za mu kwana a Gaya.»

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Ban taɓa ganin fuskar Tsoho ta yi irin wannan ba. Mutumin da ake kawo wa ajiya daga ƙauye uku, yau ga shi tsakiyar kasuwa ana duban hannunsa. Ya juyo ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki. Na tuna yatsun nan biyu cikin tsumma. Na ce ni ne.

Ya daɗe yana kallona. Ya san hannuna, ya kuma san dutsen niƙan matarsa. Ya ce, «Ɗauki mu tafi.»

Ƙarfen da na ɗauko da safe kamar kara, a komowa ya zama kamar na saɓa rumbu. Har gida babu wanda ya yi magana, har jakin.

Da na girma na gane akwai hanya. Da an je wurin dagaci ya yi shaida, da an bi malamin lasin da haƙuri, mai yiwuwa da an dace. Amma Tsoho ya ce ba zai tsaya gaban kowa ya rantse a kan kayansa ba. Baba dama hannu yake nema a gona. Ni kuma, in gaya maka gaskiya, na gaji. Babu wanda ya zauna ya yanke cewa ba zan je makaranta ba. An buɗe ta, aka ce sai baɗi. Baɗi ruwa ya yi ƙaranci, kowa ya shiga neman abin kaiwa baki, maganar ta bi ruwan da bai zo ba.

Iya kuwa Tsoho ce mata ya yi ba a samu taya daidai shi ba, an aika Kano. Ta yarda. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ja ta ɗakin Tsoho ta nuna mata wurin, ta ce maza sun yi wata guda sun kasa, ita yini ɗaya ta yi. In ta gan ni da fartanya sai ta ce, «Maigidana, tayar nan ba ta iso ba?» In ce mutanen Kano ne, Iya, ba su da alkawari. Shekara shida muna zagin mutanen Kano ni da ita, Allah Ya yafe mana, har ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu makaranta tana bayan gidana. Ƙaramin ɗana in ya yi tuntuɓe a ƙofar gida a aji zai faɗi, amma kullum sai an yi daga da shi, wai nisa. In takardar makaranta ta zo, shi nake ba wa ya karanta mini inda Turancin ya yi zurfi. Wani lokaci yakan tambaye ni me ya sa na tsaya a aji huɗu, tunda an ce ina da kai. Sai in ce masa na goge lambar keke. Ya ce wane irin wauta ne wannan, Baba? In ce irin ta yara. Duk waɗanda zan rufa wa asiri sun riga mu gidan gaskiya, amma bakin ya saba, kuma ban ga dalilin canza masa ba.