Ƙwaya Biyun Yaya Sale

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a nan Jidda, kuma har yau in aka ambace shi a unguwarmu ta Karantina sai wani ya ce, "Wanne Salen? Mai ƙwaya?" Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk lokacin da na ji sunan nan sai in rasa inda zan sa fuskata.

Abin da ya taso da maganar bana, talabijin ne. 'Yan shekarun nan ana ta nuno wasu ƙattin Amurka masu wasan besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki a kwasa da gudu, wai ana zarginsu da shan maganin ƙara ƙarfi. Ni ban fahimci wasan ba, kuma ba na jin zan fahimta kafin in mutu. Amma fuskar mutumin da ake tuhuma na san ta. Muna kallo da Faisal, ɗan da Yaya Sale ya bari a goye, sai ya juyo ya ce da guntuwar Hausarsa, "Gwaggo, Abuya ma irin waɗannan ne, ko?" Abuya, haka yake kiran babansa. Ya faɗa a hankali, kamar wanda ya daɗe da sanin amsar.

Yaya Sale ɗan ƙwallon ƙafa ne. A nan aka haife shi, a lungunan Karantina ya koyi gudu ba takalmi, har wani kulob na garin nan ya ɗauke shi cikin matasansa. Suka yi alkawarin nema masa takardu, abin da babu wani a gidanmu da ya taɓa riƙewa. Innarmu hajji ta zo ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma tun rasuwar Baba da goro take ciyar da mu. Mutanen gida ba za su gane wannan ba, amma goro a nan haramtacce ne. A ɓoye ake shigo da shi, a ɓoye ake sayarwa, wanda aka kama kuma sai tasa ƙeya zuwa gida.

Wata rana mudir ɗin kulob, wato manajansu, ya zo gaishe da Inna. Ya zauna a tabarma, ya sha shayi, cikin raha ya tambaye ta me take ba yaron nan yake gudu haka. Inna, da alfaharinta da Larabcinta na kasuwa, ta ɗauko maganar da take yi kullum a Hausa, ƙwaya biyu kafin wasa, ta juya ta yadda ta zo bakinta.

"Habbatain," ta ce. "Kullum, da hannuna."

Mudir ya ajiye kofin. "Habbar me, ya Hajja?"

Nan Inna ta farga. In ta ce goro, ta tona kanta. Sai ta sunkuyar da kai ta yi wata 'yar dariya, ba ta ce komai ba. A bakin Bahaushe ƙwaya tana iya zama ta goro, tana iya zama ta bugarwa, a bakin Balarabe ma habba haka take. Shirun Inna ne ya zaɓa wa mudir ma'ana.

A lokacin ba a gwajin jini ko fitsari a irin wannan kulob. Kiran Yaya Sale kawai aka yi ofis, aka ce ya faɗi abin da yake sha da inda yake samowa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, kalmar kuma za ta kawo 'yan sanda ɗakin da Inna ke jera goro cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce ba shi da abin faɗa. Ya dawo gida da takalmansa a leda, ya rataye su bayan ƙofa, ya ce da Inna, "Halas, ya ƙare. Kada ki ƙara tuna maganar."

Kunyar tana nan. Rabin Karantina a wurin Inna suke sayen goro, kuma sun san ko wace ƙwaya ce. Amma kowa yana tsoron a tayar da maganar takarda, mu ma na cikin gida haka, sai aka bar sunan ya bi shi. Waɗanda suka sani suka yi shiru, waɗanda ba su sani ba suka yi ta yaɗawa, har aka wayi gari masu sanin sun ƙare. Ya koma dako a tashar jiragen ruwa. Da ciwon ƙoda ya kama shi, mutane suka ce ai ƙwayar ce ta ci shi. A zaman makokinsa na ji wata mata tana faɗa, tana tauna goron Inna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga na talabijin ɗin nan, kowa da lauyansa, kowa yana rantsuwa a gaban duniya. Ina jin dariya zai yi, don shi mutum ne mai barkwanci, ya ce su dai sun more, suna da bakin musu. Wanda ya sha da wanda bai sha ba a cikinsu, Allah ne masani. Ni dai tun daga kan Yaya Sale na daina yanke wa mai shiru hukunci.

Inna ta rasu bara, babu ɗan sandan da zai kama ta yanzu. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara furta kalmar habba ba, ko a shago, sai dai ta nuna da yatsa. Shi ya sa ranar nan na kashe talabijin, na zaunar da Faisal na gaya masa komai. Da na gama, ya ce yana so ya ga abin. Yaron da aka haifa a gidan mai goro bai taɓa sa goro a baki ba.

Na aika maƙwabta aka samo ƙwaya ɗaya. Ya ɓantara, ya tauna, ya yamutsa fuska saboda ɗacin.

"Don wannan, Gwaggo?" ya ce.

Na ce ba don wannan ba, don kakarka.

Abin da ya rage na Yaya Sale ba yawa: takalman nan, da yaron nan, da shekarun da Inna ta yi a ɗakinta ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Sunansa kuma Salihu Adamu. Mutanen Karantina, don Allah a riƙa kiransa da shi.