Ƙofar da Baba ya ɗauko daga Nakkasa

Muna kasuwar motoci ni da Baba, ina zagaya wata ƙaramar a-kori-kura mai araha. So nake ta ja mana karafan, ɗakin nan mai taya da muke fita shan iska bayan Makka da shi.

Baba ya nuna wata babba da ke gefenta. "Wannan za ka ɗauka."

Na ce, "Baba, shan mai gare ta."

Ya shafa ƙugiyar bayanta ya ce, "Da aka rushe gidanmu a unguwar Nakkasa, nan Makka, ƙofa kawai na iya ɗaukowa. Wannan karon in an ce tashi, har da ɗakin za mu tafi."

Babbar na saya. Ƙofar kuwa har yau tana jingine a falonmu na unguwar Utaibiyya. Ku ma akwai irin ta a gidanku?