Gaisuwar da Ban Yi wa Hajiya Rabi Ba

Har gobe ba zan manta da ƙarfe tara da minti arba'in na safiyar Juma'a, 24 ga Yuni 2016 ba. A wannan mintin na buga wa Hajiya Rabi waya, daga nan kuma aikina ya fara lalacewa.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a Greensboro ta Amurka, ina aikin hutu a wata cibiya mai tattara ra'ayin jama'a ta waya. Jiya-jiyan nan mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, masu son fita suka yi rinjaye da ɗan kaɗan. Aka ce mu kira baƙi 'yan Afirka da ke da dangi a can, mu ji yadda suka ɗauki abin. Ni kaɗai ce mai jin Hausa, sai aka ba ni jerin Hausawa. Shugabar sashenmu, Madam Linda, ta faɗa mini tun farko: idan ban sami masu amsawa ba zuwa Litinin, za a soke sashen Hausa, aikina kuma ya ƙare.

Ku sababbin shiga wannan aiki kun san ƙa'idar. Abin da ke takarda shi za ka karanta, ba ragi ba ƙari. Ana naɗar kowane kira. Ba ka faɗin ra'ayinka, ba ka kuma tambayar wanda ka sani. Ni mai son ƙa'ida ce, domin tana hutar da ni neman abin faɗa.

Hajiya Rabi, dattijuwar da Hausawan garin ke jin maganarta, ta ɗauka da sallama. Na amsa a gurguje, na shiga karatu: sunana, inda nake kira, minti nawa zan ɗauka. Watan azumi ne, amma ko "ya ibada" ban ce ba, tunda babu shi a takarda.

Ta katse ni. "'Yar nan, tsaya. 'Yata tana Manchester, mijinta ɗan Damagaram ne mai fasfon Faransa. Tun asuba take kuka. Ke da kike yunibasiti, korarsu za a yi?"

Na duba takardata. Na karanta layin da aka tanada: "Ba ni da izinin faɗin ra'ayi. Tambaya ta ɗaya."

Ta ce, "To, madalla," ta ajiye.

A teburin da ke kusa da ni waya ba ta huta ba, wasu na murna, wasu na zagi. Nawa jerin kuwa ya mutu. Kira bakwai babu wanda ya ɗauka. Na takwas wani Baba Ɗanladi ne, mutumin Jos. Ya yi dariya ya ce, "Au, ke ce kwamfutar da ke jin Hausa? Hajiya ta ba mu labarinki. Turawa sun rabu da maƙwabtansu, ke ma kin rabu da naki. Sai an jima."

Na kasa zama. Na je bayan gida na wanke fuska, na dawo, na sake fita. Ƙarfe ɗaya na rubuta wa Madam Linda shafi guda, domin na san bakina ba zai iya ba. Na bayyana mata cewa a wurinmu tambaya ba ta zuwa kafin gaisuwa, na roƙi minti biyu kafin a fara naɗa. Ta karanta sau biyu, ta ce gaisuwa ba ra'ayi ba ce, in je in yi. Sai dai izinin ya zo a makare: wa zan gaisar, tunda ba mai ɗauka?

Ƙarfe biyar na hau bas daga tashar cikin gari zuwa East Greensboro. Wata ɗalibar Kano ce ta kwatanta mini gidan Hajiya. Na san da zarar na shiga, Hajiya ta zama wadda na sani, dole na soke lambarta daga jerin. A hanya na shirya jawabi, na goge, na sake shiryawa.

Na same ta a kicin tana suyar ƙosan buɗa-baki, waya a jingine da tulun mai. Na faɗa mata ni ce mai wayar safe, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata: gida, ibada, jikoki, 'yar Manchester. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta dube ni ba. A nan na fahimci abin da har yau nake faɗa wa duk wanda na horar: takarda tana kare amsa daga bakinmu, amma ba ita ke sa mutum ya yarda ya amsa ba.

Jawabina ya gudu. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Wallahi ban san ko za a kore su ba. Kuma in mutane ba su ɗauka ba, ranar Litinin ba ni da aiki."

Ta tsame ƙosai, ta juyo.

"Ai na san ba ki sani ba. Su da suka jefa ƙuri'ar ma ba su sani ba. So nake ki ce mini sannu, shi ke nan. Tashi ki wanke hannu ki yanka mini albasa. Gobe ki kira su, zan ce su ɗauka. Amma ki fara da Ɗanladi, ki tambaye shi ya ciwon ƙafarsa."