Chuwang da Faifan da Aka Ba da Aro

Chuwang ɗan kafinta ne. A unguwar Katako ya tashi, wajen mahaifin da ba ya yanka katako sai ya bar wani a gefe, ko da na farko zai tsage. Da ya girma sai ya bar zarto ya koma gyaran kwamfuta a Tudun Wada, amma halin bai bar shi ba. Duk gidan da ya haɗa wa na'ura, sai ya yi kwafin abin da ke ciki a faifai na biyu.

Shagona na ɗinki yana jikin nasa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar a daminar bara ba.

Shi ya haɗa wa marigayi Alhaji Haladu na unguwar Ali Kazaure ƙaramin akwatin da ke kula da kyamarorin ƙofa da fitilun gida. A ciki kuma aka ajiye hotunan iyali da muryar Alhaji, yana ba da labarin yadda kakansa ya zo haƙar kuza. Bayan rasuwarsa, matarsa Hajiya Kubra takan saurara kowace Juma'a.

Tsawa ta faɗi, faifan akwatin ya ƙone. Chuwang ya sa sabo, ya ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, a kawo masa faifai na biyun da ya bar musu kawai. Sai ɗanta Ashraf ya fara sosa ƙeya. Ashe maƙwabta sun yi biki, mai ɗaukar bidiyo ya rasa wurin zuba aikinsa, aka aiko aro. A unguwar ba a hana maƙwabci tabarma ko tukunya, shi ma bai ga dalilin hana wannan ba. Mai bidiyon ya goge komai ya zuba nasa.

"Oga Chuwang, ai sun dawo da shi lafiya, ko ƙwarzane babu," in ji Ashraf.

"Tukunya ce? Babanka ne a ciki, ka miƙa wa mai kyamara."

Ya dawo shago ya yi ta faɗa, ni ina saurare. Ya ce ya gaya musu, ya sake gaya musu, kada a taɓa. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mai bidiyon ya buɗe ya ga hotunan mutane, bai ɗaga waya ya tambaya ba. Ni ma abin ya tsaya mini. Wa ke goge abin da ba nasa ba?

Ya ajiye sauran ayyukansa ya zauna tono abin da bidiyon bikin bai taka ba. Hotuna da yawa sun dawo. Labarin kuza kuwa ya tafi, sai ɗan guntu, inda Alhaji ya katse maganarsa yana cewa Kubra ta kawo shayi kafin ya huce.

Hajiya ta saurara, ta ce a maimaita. Ashraf ya fita waje.

Chuwang ya yi sabon kwafi, ya tambaye ta inda za a ɓoye shi. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin da ta ajiye likkafaninta tun dawowarta daga Makka, ta tura faifan ƙarƙashin farin yadin.

"Nan dai, ɗana, babu mai zuwa aro."